Ya Amsa ko Ta Amsa

Ni mutum ne mai gyara wa mutane magana, kuma na san hali ne marar kyau. Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da jan bik, wato jan biro, a lakwal, makarantar boko ke nan a bakinmu na Nijar, har abin ya bi jikina. Faransanci aka ɗauke ni in koyar, amma ko a kasuwa na ji an karya Hausa sai harshena ya yi ta ƙaiƙayi. To ka ɗauki irin wannan mutum daga Damagaram ka kai shi bakin kogin Kumadugu, inda Barebari ke mai da namiji mace, mace namiji, a numfashi ɗaya. Su a harshensu babu wannan rabe-raben, kowa "shi" ne. Sai ka ji dattijo da gemunsa yana cewa, "Matana ya tafi kasuwa, ragona ta ɓace." Na sha dariya a ɓoye. Allah da ikonsa kuma, a cikinsu ya ba ni mata.

Surukina masunci ne, mutumin wani ƙauye gabas da Diffa, wajen Gaskeru, inda aka fara tura ni aiki. Ina ce masa Baba, yana ce mini Mushe, wato monsieur na Faransanci, kamar yadda yaran lakwal ke kirana. Sau ɗaya tak na taɓa gyara masa. Ranar sunan 'yata ta fari ce, ya karɓi jaririya ya ce, "Allah ya raya shi." Kafin in kama bakina na ce, "Ita ce, Baba." A gaban mutane fa! Ya ɗago ya dube ni, ba fushi ba komai, ya ce, "Mushe, Allah ya san wanda nake nufi." Aka kwashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Matata ta kwana biyu ba ta ce mini ci kanka ba.

Wanda ya sa ni cikin kwalekwale kuwa ƙanin matata ne. Tsakanina da shi wasa ne, yadda aka saba tsakanin mutum da ƙanin matarsa, kuma bai taɓa raga mini ba. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya biyu, amma in ya sa ka gaba da tsiya sai ka gwammace duka. "Ku Damagarawa ruwan buta kaɗai kuka sani," haka yake ce mini. "Zo in nuna maka ruwan Allah." Ranar farko na kife sau biyu a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma shi ya koya mini riƙon filafili, da zama a tsakiyar jirgi ba tare da jingina ba, da kamun giwan ruwa. Na so mutumin nan, ban kuma taɓa faɗa masa ba, don da ya ji da na shiga uku da ba'a.

Akwai wani tabki a bayan ƙauyensu. Kumadugu kogi ne mai zuwa da tafiya. Ya cika da kaka, ya malala cikin kwari, in bazara ta doso ya janye ya bar tabkuna a baya. Wannan shi ne babbansu, ba ya ƙafewa. Dogo ne, a lanƙwashe. Gefen ƙauye rairayi ne da goruba, ɗaya gefen kuma ciyawar kachalla ce wadda ta fi mutum tsayi, da matattun bagaruwa a tsaye cikin ruwa. Bayan kachallar kogi ne, bayan kogin Najeriya. A gindin bagaruwar nan giwan ruwa ke laɓewa, kuma ba a zuwa masa da taru, saiwoyi za su yayyaga shi. Sai dai ka samu ɗan karfasa mai rai, ka soke shi a gadon baya da babbar ƙugiya, ka sake shi da igiya mai kauri, ka zauna. Wata rana ka wuni ka dawo da ƙunar rana kawai.

Abin da kowa ya san tabkin nan da shi iska ne. Da hantsi ya yi take tasowa daga gabas ta bi tsawon ruwan, ba ta kwantawa sai la'asar. In tana kaɗawa, ko ihu ka yi, wanda ke jifa ɗaya da kai ba ya jin ka. Baba yakan ce, "Iska ta fi mu murya." Don haka masuntan wurin ba sa kiran juna da baki, bugu suke yi. A bugi gefen kwalekwale da filafili, ƙarar ta bi ruwa ta isa inda murya ba ta isa. Kowane gida da nasa bugun. Na gidan surukaina biyu ne a jere, a numfasa, sannan ɗaya. Wanda aka kira sai ya juya shi: ɗaya, a numfasa, biyu. Ma'ana ga ni, lafiya lau. In mai kira ya yi shiru, kowa ya ci gaba da sabgarsa. In ya sake bugawa, to cewa ya yi ka zo. Ko ƙofar gidana haka ƙanin matata ke ƙwanƙwasa ta, matata kuma ta amsa masa da ludayi a jikin kwano.

A 2015 komai ya juye. Ba zan ba da labarin abin da kowa a Diffa ya sani ba. Ba ma kiran sunansu ma, mutanen daji muke cewa, shi ma a hankali. Wata safiya ƙanin matata ya fita ɗauko ƙugiyoyin da ya kafa a tabki, bai dawo ba. Ba shi, ba kwalekwalensa. Baba ya kwana uku yana zagaya ruwa yana bugu, babu amsa. Wasu suka ce nutsewa ya yi, mutumin da ko kifi bai fi shi iyo ba! Wasu suka ce kama shi aka yi. Wasu kuma, waɗanda ba sa faɗa a gabanmu, suka ce da ƙafarsa ya bi su. Na kusa dambe da wani a kan wannan maganar a bakin masallaci. Ba a jima ba aka ce mutanen bakin kogi su tashi. Aka rufe lakwal ɗina, aka hana su, wato kamun kifi, aka hana hawa moto, wato babur, aka hana cinikin tattasai. Mutane suka zube a bakin gudro, wato titin kwalta, cikin rumfunan leda. Ni aka maido ni Diffa, Baba da matar ɗansa da 'ya'yanta suka tare a gidana.

Shekara huɗu muka yi a haka. Baba ya kafa tabarmarsa a zaure, yana gyaran tarun da ba za a jefa ba. In an ƙwanƙwasa ƙofa sai hannunsa ya tsaya har sai ya gama ƙirga bugun. Matar ɗansa kuwa ta zama ba mai aure ba, ba bazawara ba. Yarinya mai hankali, ba ta taɓa buɗe baki ta yi ƙorafi ba, amma kana ganin tana bushewa a tsaye. Iyayenta suka zo daga garin Maine har sau uku. Malaman unguwa suka ce an jira iyakar abin da shari'a ta ce a jira, a yi masa sadaka a matsayin mamaci, ita ta shiga takaba, in ta fita ta san inda ta dosa. Kowa ya yarda sai Baba. Kullum amsarsa ɗaya: "Ɗana ba ta mutu ba, ban ga gawa ba." Ni ina bayan malamai, kuma na faɗa, da zafi ma. Ina ganin zalunci ne a ɗaure mai rai saboda wanda ba a sani ba. Daga ƙarshe, cikin wata bazara, Baba ya ce to, a yi ranar Juma'a.

Ranar Laraba da yamma ya kira ni zaure. Ya ce, "Mushe, gobe za mu tabki. Kifin sadaka daga ruwansa za ta fito."

Lokacin an ɗan sassauta dokar hana su, amma sassauci a takarda ne. Bazara ce, kogi ya janye har ana ƙetare shi da ƙafa, kuma duk wanda ya zauna a Diffa ya san in ruwa ya ragu tsoro ke ƙaruwa. Ba na iya yi wa suruki gardama a fuska, sai na shiga ɗaki na sauke wa 'yarsa. Na ce, "Kifi ya ƙare a kasuwa ne? Wannan ai neman ajali ne da rana tsaka!" Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "In ba ka bi shi ba, shi kaɗai zai tafi." Na ce wallahi ba na zuwa. Da asuba ni na riga shi sa takalmi.

Motar kasuwa ta sauke mu a shingen soji na ƙarshe. Wani soja, ɗan yamma ne daga jin Hausarsa, ya juya katina gaba da baya, ya dubi Baba, ya dubi igiyoyinmu. Ya ce, "Mushe, kai ma? Kafin la'asar ku fito. Bayan nan duk abin da ya motsa a wajen can, ba ma tambayar sunansa." Muka bi ta gonakin tattasai da ƙafa. Gonakin da a da in ka hango su ja wur, yanzu ƙaya ce da tumfafiya. Ga injin ban ruwa a kife ya yi tsatsa. A ƙauyen babu ko kaza. Ƙofofi a buɗe, wani turmi a tsaye a tsakar gida da taɓarya a ciki, kamar mai dakan ta shiga ɗaki ne ta fito. Na hango ajina, allon yana nan, ban matsa kusa ba. Ban taɓa jin tsoro da farar safiya irin na ranar nan ba.

Kafin su tashi, masunta sun nutsar da kwalekwalensu a bakin tabki, sun danne da buhunan ƙasa, don kada rana ta tsaga su ko a ƙone su. Baba ya shiga ruwa har ƙirji, yana lalube da ƙafa, ya gano nasa biyu ba tare da ya yi kuskure ba. Muka ciro su, muka kwashe ruwa da ƙwarya, muka toshe wata tsaga da tsumma. Ƙananan jirage ne na mutum ɗaya, kuma ko da babba ne ba zan zauna gwiwa da gwiwa da surukina ba. Ya jefa ƙaramin taru a bakin gaɓa sau biyu, ya samo mana 'yan karfasa. Yana miƙo mini nawa sai ganyen goruba ya fara kaɗawa. Ya ɗaga kai ya ce, "Iska ta taso."

Sannan ya riƙe bakin jirgina ya ce, "Yau babu bugu. Ko me ya faru, kada ka bugi jirgi. Ba mu san kunnen da ke cikin ciyawa ba. Ka riƙe gefen rairayi, in ka saki jiki iska za ta kai ka kachalla."

Na ce, "To, Baba."

Shekara huɗu ban riƙe filafili ba. Iska ta dinga bugun jirgina ta gefe, ruwa yana fallatsowa cinyata, ina tuƙi ina zagin kaina da wanda ya fara sassaƙa kwalekwale. Tabkin da a da ake ganin jirage goma, ashirin, yau mu biyu ne. Baba ya yi gaba ya zama ɗan ɗigo. Babu abin da nake ji sai iska a kunne da kachalla tana shuu daga nesa. Tsuntsaye sun yi yawa fiye da yadda na san su, kuma ba sa gudu, sai su bi ka da ido. Na saki ɗan karfasana, na naɗe igiya a hannu, na ce a raina in yi awa ɗaya in ce wa tsoho ruwa ya ƙi.

Ban yi rabin awa ba aka fizgi igiyar. Duk wanda ya taɓa kama giwan ruwa ya san wannan fizga, ba ta kama da ta tarwaɗa. Igiya ta ƙone mini tafin hannu, bakin jirgi ya juya da kansa, kifi ya fara jana. Abin kunya, a wannan lokacin na manta da komai. Na manta da soja, na manta da sadaka, na manta da gargaɗin Baba. Shekara huɗu ba a taɓa kifin tabkin nan ba, sun ƙoshi sun girma. Ya yi tsalle sau ɗaya na ga faɗinsa, na yi kabbara ni kaɗai. Ina saki ina ja, yadda aka koya mini, har na ji kamar muryar mai koyarwar tana cewa, "Kada ka yi masa gardama, Badamagare, bar shi ya gaji." Kifi yana ja, iska tana turawa, duk wuri ɗaya suka nufa da ni. Da na ɗago kai, ina cikin matattun bagaruwa, kachalla kuma ga ta nan, ba ta fi taku ashirin ba.

Da ƙyar na jawo shi cikin jirgi, ya kusa kifar da ni. Ya kai tsawon hannuna har kafaɗa, da sauran. Ya hau bugun ƙasan jirgi da jela, ƙayar bayansa tana neman ƙafata. Akwai guntun icce da ake kashe kifi da shi, na ɗauka na kai masa duka. Ya goce, na sami gefen jirgi. Na sake, na sake samun gefen jirgi. Na ja numfashi, na danne shi da gwiwa, na sauke masa a ka, ƙarar ta ratsa katako.

Sai da na ajiye iccen na ji abin da na yi. Biyu a jere, numfashi, ɗaya.

A nan ne iska ta tsaya. Na san yadda wannan maganar take a kunne, kuma ni ba mai tatsuniya ba ne. Amma a tabkin da iska ba ta kwantawa sai la'asar, ga rana ba ta kai tsaka ba, ta ɗauke ɗif. Kachalla ta miƙe tsaye. Ruwa ya kwanta har ina ganin fuskata a ciki. Ina jin ɗigar ruwa daga filafilina.

Daga cikin kachalla aka buga. Ɗaya. Aka numfasa. Biyu.

Gashin jikina ya tashi. Na fara ce wa kaina amsa-kuwwa ce, amma amsa-kuwwa abin da ka ba ta take maido maka, ba ta juya shi. Na ce to wani tsohon jirgi ne ke karo da kututture, amma me zai kaɗa shi, ga ruwa kamar a faranti? Na zuba wa kachallar ido har idona ya yi ruwa. Ban ga kowa ba, ko kara ɗaya bai motsa ba. Amma na san ana kallona, yadda kake sani in ka juya baya a aji. Na nemi addu'a na rasa farkonta.

Ban ji zuwan Baba ba, sai hannunsa na gani a bakin jirgina. Tsoho mai shekara saba'in ya ratso tabki kamar saurayi, ƙirjinsa yana sama da ƙasa. Bai dube ni ba, bai dubi kifi ba, bai ce don me na buga ba. Idonsa yana kan ciyawa. Ya ɗaga filafilinsa a hankali har ya kai saitin gefen jirginsa, ya tsaya a nan. 

Na san abin da bugu na biyu ke nufi. In ya buga, cewa ya yi a fito. Kuma ban san abin da zai fito ba: mutum ɗaya ko goma, da hannu wofi ko da bindiga, mai fuskar da na sani ko wanda kawai ya koyi bugun a bakin wanda aka kama. Ko da shi ɗin ne, ina za mu kai shi? Ga shingen soji a gaba, ga waɗanda yake tare da su a baya, ga gari cike da mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa. Ga kuma wata baiwar Allah a gidana an auno shinkafar da za ta kwance ta gobe. In ya yi shiru kuwa, a al'adar ruwan nan, ya ce na ji, kowa ya kama gabansa.

Baba ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai juyo ba. Ya ce, "Mushe, yaya ake faɗa a Hausarku? Ya amsa, ko ta amsa?"

Na ce, "Baba, wa kuke nufi?"

Ya ce, "Kai ne malami."

Shekara da shekaru ina jiran mutumin nan ya tambaye ni ya da ta, sai ga shi ya tambaya a inda na fi so a ce ban iya Hausa ba. Tsoro ne ya yi magana a bakina, ko tausayin matar, ko gaskiya, har yau ban raba su ba. Na ce, "Iska ce, Baba. Ta amsa ake cewa."

 Sannan ya sauke filafilin cikin ruwa, a hankali, don kada ya taɓa katako. Ya ce, "To. Ta amsa."

Ya miƙo hannu ya ce in ba shi kifin. Na ɗauka zai sa a jirginsa ne. Sai ya zare igiya daga ƙugunsa, ya zura ta ta bakin kifin ya ɗaure, ya matsa gindin wata bagaruwa, ya miƙe tsaye a cikin kwalekwale ya rataye shi a reshe, inda duk wanda ke cikin ciyawa zai hango. Ya ciro ɗan ƙullin dabino da goro daga aljihu ya ɗaura a kusa. Ya cire hularsa, wata tsohuwar hula da ban taɓa ganin kansa babu ita ba, ya maƙala a ƙaya. Kifin da ban taɓa kama kamarsa ba, kifin sadaka, yana lilo yana ɗigar ruwa.

Na ce, "Baba, kifin fa?"

Ya zauna, ya juya bakin jirginsa. Ya ce, "Iska ma yana jin yunwa."

Ban gyara masa ba. Muna fita daga cikin bagaruwa iska ta dawo gaba ɗaya, ta bugo mu a fuska, muka tuƙa har gaɓa ba wanda ya waiwaya. Bayana ya yi ta sanyi duk tsawon hanyar, ina jiran ƙara, ko ta katako ko ta wani abu. Muka nutsar da jiragen a inda muka same su. A shinge sojan nan ya dubi hannunmu ya ce, "Ba sa'a ke nan?" Baba ya ce, "Ba sa'a." A kasuwar Diffa na sayi busasshen kifi na sadaka.

Na tarar da matata a tsakar gida da la'asar sakaliya, tana tsince shinkafa a faifai. Matar ƙaninta tana can ƙuryar gida tana wanke manyan tukwanen da aka aro, ba ta jin mu. Baba ya wuce zaure da kansa a buɗe. Matata ta bi shi da kallo, ta dubi ledar da ke hannuna, ta ce, "Ina hular Baba? Ina kifin tabki?"

Na tsuguna kusa da ita na faɗa mata komai, ban rage ba, har da abin da ya tambaye ni da abin da na amsa. Hannunta bai daina tsinta ba sai da na zo ƙarshe.

Ta ce, "Sake faɗa. Me ya ce da ya rataye kifin?"

Na ce, "Ya ce iska ma yana jin yunwa."

"Yana ya ce, ko tana?"

"Yana. Haba, ke ma kin san Hausar Baba."

Ta ce, "Na santa, na fi ka saninta. Ni ya ce mini shi, ya ce wa ƙanina ita, ya ce wa ragonsa ita. Amma tun ina yarinya ban taɓa jin ya ce iska ya taso ba. Ko sau ɗaya."

Na buɗe baki in yi gardama, yadda na saba, sai maganganun ranar suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Iska ta taso. Iska za ta kai ka kachalla. Ni mai jan bik, mai kunnen kama kuskure, na yi shekaru ina jin mutumin nan yana faɗin kalma ɗaya daidai, ban lura ba.

Matata ta dubi wajen da ake wanke tukwane, ta daɗe tana kallo. Ta goge idonta da bakin zane, ta jawo faifai ta ci gaba da tsinta. Ta ce, "Tashi ka kai masa ruwan alwala. Ka ba shi hularka ta Juma'a, kada ya zauna cikin mutane haka."

Washegari aka taru bayan an sauko daga masallaci. Liman ya yi wa mamaci addu'a, Baba yana gefensa da hulata a kansa. Aka ce a shafa, na ɗaga hannu na shafa tare da kowa.